Shekarar da Na Ka da Baffa Manu

Kun taso kun ji tsofaffin Kalgo suna kirana Obamasta, kuna jin daɗi, kuna tsammani wata sarauta ce Nasara suka naɗa mini. Ba sarauta ba ce. Kun kuma sha tambayar uwarku abin da ya sa gonar tudu, duk girmanta, ba ta ba mu abin kirki, da abin da ya sa wana Isa yake gaishe ni yana tafiya. Duk magana ɗaya ce. Zan faɗe ta sau ɗaya, don na gaji da jin mutane suna gyara mini ita. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, saboda haka wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri ya karanta haka.

Baffa Manu Bafulatani ne na wajen Wurogauri. Ba mu haɗa jini da shi ba. Amma tun zamanin kakanmu, da an gama girbi an ɗaure gero, shanun gidansu a gonarmu suke sauka. Su ci kara da harawa, su kwana nan wata uku ko huɗu, ana matsar da makwancinsu daga wannan gefe zuwa wancan har taki ya game gonar. Babanmu, Malam Audu, ya ba shi dammunan gero, Inna ta aika wa matansa daddawa da kuka, su aiko mata da nono da man shanu. Ba takarda, ba shaida, ba wanda ya taɓa zama ya ce ga sharaɗi. Gonar yashi ce, in ba taki ba komai. Da takin kuwa, zangarniyar geronmu har tsayawa mutane suke yi su duba. Da aka haife ni Inna ta yi ciwon mama, da madarar wata saniyar Baffa aka raine ni. Shi ya sa bai taɓa ce mini Garba ba, sai Buba, yadda suke kiran nasu. Shi ne kuma ya koya mini ka da sa, tun gemu bai fito mini ba.

“Ba da ƙarhi aka ka da sa ba, Buba. Kama ƙaho da hagu, hanci da dama, ka jira. Jira shi ɗaga ƙahwa. Wanda yaɗ ɗaga ƙahwa ya riga ya hwaɗi, kai dai taya shi.”

Na girma na yi jiki. Na yi kokawa kaka uku, bayana bai taɓa ƙasa ba tsakanin Kalgo da ƙauyukan da ke kewaye. Noma kuwa ba na so. Isa ne mai gona, ni ina bin sa ne don Baba yana kallo.

Ban riƙe shekarar ba, amma da sauran 'yan shekaru a ba da mulkin kai. Bayan girbi sai ga Baturen dabbobi ya zo da mutanensa, suka kafa shinge a bayan gari, aka yi shela kowane mai garke ya kawo a yi allurar bushiya. Ku ba ku san bushiya ba. Cuta ce da takan shiga garke da safe, kafin kwana goma mai shanu ɗari ya koma riƙe da sanda kawai. Duk da haka Fulani da yawa sun gudu da nasu, don allurar kanta tana sa saniya zazzaɓi, mai rauni takan mutu. Baturen nan Mai Lofe muke ce masa, lofen ba ya barin bakinsa. Mai yin allurar kuma mai yi masa tafinta shi ne Malam Haruna, mutumin Gwandu, siriri, ya yi makarantar Midil, ba ya ɗaga murya. A lokacin ba a kawo wannan lungun itace da ake tura shanu ciki ba. Sai an ka da saniya ƙasa, a danne, Malam ya soka allura, a tsaga kunne don shaida, a sake ta. Aikin da aka ɗauki lebura su yi ke nan, ni ma na je aka ɗauke ni.

A kwana na uku aka kawo wani jan sa mai dogayen ƙahoni. Ya watsar da mutum huɗu, ya tsinke igiya, ya tsaya tsakiyar shinge yana tonon ƙasa. Na shiga ni kaɗai. Na kama, na jira, ya ɗaga ƙafa, na taya shi. Da aka gama aka sake shi, bai zabura ba kamar yadda suke yi. Ya tashi a hankali, ya tsaya kusa da ni kansa ƙasa, na dafa wuyansa na fitar da shi kamar tunkiya. Mai Lofe ya cire lofe ya yi dariya, ya faɗi wata magana yana nuna ni. Da rana muna cin abinci gindin tsamiya na tambayi Malam Haruna.

“Malam, mi yac ce?”

“Kai dai ka sa ya tono tsohuwar kalma. Ko su ba su cika hwaɗinta ba. Ni cikin littahi nag ganta, ban taɓa jin ta bakin mutum ba sai yau.”

Ya ɗauki tsinke ya rubuta a ƙasa. Daga baya da na iya baƙi na sa ya rubuta mini a takarda, ga yadda take: overmaster. Mu bakinmu obamasta ya iya.

“Ba ka da abu kaɗai ba na,” in ji shi. “In kun yi kokawa ka ka da mutum, shi tashi shi kakkaɓe, baɗi shi dawo neman ka, wannan suna da wata kalma daban. Wagga kuwa sai in ka hi ƙarhin abu har ya bar gardama, ya san kai ne ubangida. Ana hwaɗinta ga dokin da anka hora, da garin da anka ci da yaƙi. Har barci in ya danne mutum shina zaune, ko tsoro, ko hushi, ana cewa sun yi mai haka.”

“To yabo na ko zagi?”

“Ga sa dai yabo na. Ci tuwonka.”

Kafin la'asar lebura sun ɗauki sunan, kafin Juma'a ya shiga gari. A gida Isa ya same shi abin wasa.

“Obamasta, zo ka ka da wanga jaki, ya hana mu sakat da kuka.”

Inna takan ce, “Ku bar mini ɗa da sunan da limami yar raɗa mai.” Abin da Baba ya ce kawai, da ya ji ana maganar za a zaɓi heluma, wato shugaban lebura, wanda zai bi Mai Lofe gari gari da kaki da keke, shi ne:

“Keke ba shi yin taki.”

Mu biyu ake dubawa a wannan matsayi, ni da wani Bazabarme da ya riga ni shiga aikin. Ina so. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa son wani abu kamar yadda na so kakin nan ba.

Shanun Baffa suna gonarmu a lokacin. 'Ya'yansa sun so a gudu da su, Baba ne ya hana. Ya ce wa Baffa, ɗanka Buba yana wurin, me kake tsoro? Ana gobe za a kawo garkensa, Baffa ya tare ni da yamma a bakin gona, ya ja ni wajen wata saniya mai farin goshi da suke kira Wule. Cikinta ya tsufa, har ya sauka.

“Buba, wagga jikar wadda kash sha ta. Kwanan da yar rage ta haihu bai hi goma ba. A yi ma sauran duka, ban hana ba. Ita dai kak a ka da ta. In dole na, a soke ta tsaye, ni ka riƙe ta. Ka gaya ma Nasaranka.”

Na ce, “To, Baffa.”

Ban gaya wa kowa ba. Da safe na yi niyya, sai na tarar Mai Lofe yana zazzaga wa Bazabarmen nan faɗa, wai ya bar saniyar wani abokinsa ta wuce ba a tsaga mata kunne ba. Malam Haruna ya fassara mana cewa daga yau ba aboki, ba ɗan'uwa, kowace dabba ƙasa za ta je. Na dubi Bazabarme, na ga ya riga ya fita daga neman matsayin. Sai na haɗiye maganar Baffa. Na ce a raina in an zo wurin na san dabara.

Rana ta ɗaga aka shigo da garken. Fulani sun cika bakin shinge, na Wurogauri da na wasu rugage, kowa yana jiran nasa. Muka yi ta ka da su ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan Wule. Baffa ya shigo da ita da kansa, ya ɗora hannu a wuyanta, ya tsaya.

“Buba, wagga ta.”

Aiki ya tsaya. Mai Lofe ya dubi agogonsa ya yi magana, Malam Haruna ya juyo.

“Garba, mi ya hwaru?”

Nan ne wurin. Da na buɗe baki na ce saniyar tana gab da haihuwa, Malam zai faɗa wa Bature, shi kuwa likitan dabbobi ne, yana da ido. Na sha ganinsa daga baya yana sa a soki irinta a tsaye. Amma sai a ce Obamasta ma yana da nasa.

Na ce, “Ba komi, Malam.” Na ce, “Baffa, matsa.”

“Mun yi magana jiya.”

“Matsa, Baffa.”

Ya yi murmushi. Ya ɗauka wasa nake yi don idon Nasara. Ya tako zai zo kusa ya yi mini magana a kunne, ya ɗaga ƙafa. Na kama shi a kafaɗa da ƙugu na kai shi ƙasa. Ba shi da nauyi, kamar damin kara. Malfarsa ta gangara, rawaninsa ya warware, na ga kansa, fari fat, wanda tun da nake ban taɓa gani a buɗe ba. 'Ya'yansa biyu suka taso da sanduna, yana kwance ya ɗaga musu hannu, suka tsaya. Ni kuma na juya na kama Wule na ka da ita. Malam ya soka allura, aka tsaga kunne, aka sake ta. Baffa ya tashi da kansa. Ya tsaya nan tsakiyar shinge ya naɗa rawaninsa tun daga farko har ƙarshe, ba gaggawa, kowa yana kallo. Ya ɗauki malfa, ya yi wa 'ya'yansa magana da Fulatanci, suka kora shanu. Bai dube ni ba.

Mai Lofe ya yi magana, na kuma ji kalmar nan a ciki. Da aka tashi aiki na bi Malam Haruna. Bai so ya tsaya ba.

“Ya ce hushi ya yi maka abin da kay yi ma jan sa. Ya ce don haka ya yi maka uzuri, amma kak ka ƙara taɓa mai shanu.”

Na karɓi wannan uzuri, na yi shekaru ina rabawa. Duk wanda ya tambaya sai in ce zuciya ce ta ɗebe ni. Uwarku ma haka na gaya mata. Ƙarya ce. Ban yi fushi ba ko kaɗan. Na ga Bature yana kallo, na ga tsoho ya ɗaga ƙafa, na auna, na yi. Ba abin da ya danne ni. Bayan mako guda aka ba ni kaki da keke.

Baffa bai kai ƙara ba, bai zo gidanmu ba. A kwana na uku Isa ya je gona da safe ya tarar sun tashi, rabin gonar ko taki bai gani ba. Dammunan geron da Baba ya ba shi suna nan a jere bakin kunya, an rufe su da kara don kada awaki su ci. Baba ya je ya gani, ya dawo ya zauna a zaure. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Inna ce ta yi kuka, ta daina sa mini man shanu a miya, ko da an sayo. Isa kuwa da ya ga keken ya zagaya shi sau ɗaya.

“Da Baba kak ka da, da ƙila mota za su ba ka.”

Zan faɗi wani abu don gaskiya ne, ba don yana wanke ni ba. Allurar nan ba ƙarya ba ce. Da damina bushiya ta shiga wasu garkunan da aka gudu da su, ta yi ɓarna. Na Baffa ba ta taɓa ko ɗaya ba. Wule ma ta haihu lafiya, na ji labari. Mutane sun sha kawo mini wannan, suna cewa ai taimakonsa na yi. Nakan ce haka ne.

Kaka ta zagayo, aka ɗaure gero, gona ta zauna ba kowa. Baba ya aika wa masu garke biyu, kowanne ya ce ya riga ya yi alkawari a wani wuri. Gonakin maƙwabta duk da shanu, tamu ce kawai ake zagayewa. Aka ce Baffa ya sauka wajen Maruda, can ƙasar Gwandu. Na zo gida ran Juma'a, Baba ya kira ni zaure. Rabonsa da ya yi mini doguwar magana tun ranar.

“Ka tahi wurin Baffanka. Tuɓe wanga kaki, aje keken, ka tahi da ƙahwa. In ya mare ka, ka gode mai. In ya zage ka, mun samu. Ka ce gona na jira.”

Na ce to. Amma a makon muna aiki kusa da Gwandu, Maruda ba nisa daga nan. Na ga wauta ce in koma Kalgo don in sake riga in dawo da ƙafa. Na nemi izinin yini guda, na hau keke yadda nake.

Da hantsi na isa rugar. Matan da ke bakin bukka suka rufe ƙorensu suka shige. Baffa yana kan tabarma yana tufka igiya. Ya ƙara tsufa, ko kuwa ni ne ban taɓa duba shi da kyau ba. Da ya gan ni ya ajiye igiyar, ya miƙe, ya tuɓe takalmansa, ya cire malfa, ya tsuguna a ƙasa ya ɗaga hannu.

“Ranka shi daɗe.”

Na jingine keke na tsuguna ni ma. Ya ƙara yin ƙasa.

“Baffa, ni na, Garba.”

“Mun sani, ranka shi daɗe. Duka da shaida ga kunnensu. A duba.”

Na ce ba wannan ya kawo ni ba. Bai saurara ba. Ya sa aka koro shanun da ba su fita kiwo ba, 'ya'yansa suna kama kunnen kowace suna nuna mini, ɗaya bayan ɗaya. Aka shimfiɗa mini tabarmarsa, shi ya zauna a ƙasa. Aka kawo nono a sabuwar ƙwarya. Na ce Baba yana gaishe shi. Na ce na zo neman gafara, abin da na yi ban kyauta ba. Na faɗa sau uku, don ban ga alamar ya shiga ba.

“Allah shi ƙara ma Malam Audu lahiya. Babu laihi, ranka shi daɗe. Mai iko ba shi laihi.”

“Ya ce gona na jira.”

Ya dubi ƙasa.

“In umurni na, gobe mu tashi.”

Ba gatse yake yi ba. Na san muryarsa. Da na ce umurni ne, da kafin mako guda shanu suna gonarmu, da baɗi ma sun zo, da yanzu kuna cin geron da na ci ina yaro. Na tuna rumbunanmu, na tuna Isa da iyalinsa, har bakina ya buɗe. Yana tsugune yana jira.

Na ce, “Ba umurni ba na.”

“To, Allah shi ba mu alheri.”

Da zan tafi suka jawo rago fari, babba, suka ɗaure shi a bayan keken, irin gaisuwar da ake yi wa ma'aikaci in ya zo ruga. Na ce ba zan karɓa ba. Baffa ya sake tsugunawa ya ce in na ƙi, to sun san akwai sauran laifi a kansu, ba za su iya zama a nan ba. Na karɓa. Rago ba ya bin keke, sai na sauka na tura. Ban koma wurin aiki ba, na miƙe Kalgo, na yi kwana biyu a hanya, da ƙafa.

Da la'asar na isa. Baba yana zaure, Isa yana gyaran fartanya a ƙofa. Baba ya dubi kakin, ya dubi ragon.

“Ya mare ka?”

“A'a.”

“Ya zage ka?”

“A'a.”

“Wanga hwa?”

“Gaisuwa ta.”

Sai ya juya wajen wana.

“Isa, nemo mangala. Gobe da sahe ka hwara kwasar jujin bayan gida da jaki, ka kai gona.”

“Jaki guda ga wagga gona, Baba?”

“Inda yak kai.”